Shirun da Suka Kira Jarumta

Sae Sabuwa, 1961

Zuwa ga Yaya Ɗahiru a Yamai,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Malam Sule ke rubuta mini, ni Habi. Na sauka lafiya, namiji ne, amma gidan ba daɗi. Ka ji rasuwar babban yarona, sai dai ba a gaya maka yadda aka yi ba.

Da sanyin bana Dogo wanzami ya yi wa yaran unguwa kaciya, duka da aska ɗaya, yana goge ta a gefen riga. Aka zaunar da su a zauren surukina, kowa da kara tsakanin cinyoyi. Ni dai kunu nake damawa in aika, tunda ɗan fari ne, ba na kiran sunansa balle in leƙa shi. Kullum sai a shigo mini da yabo, wai yaran duk suna ihu in ana wankin miki, shi kaɗai ko uffan, wai ya gado kakansa. Har kaza aka yanka masa. Ashe, Yaya, haƙoransa ne suka sarƙe! Ba ƙin kuka ya yi ba, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Sai da bayansa ya sandare aka nemi jaki a kai shi likita, bai ko kai hanyar Maraɗi ba ya cika.

Yanzu rigimar ta dawo kan jaririn. Na ce a kai shi likita a yi masa kaciyar tun yana tsumma, inda ka ce ana dafa wuƙa kafin a taɓa mutum. Baba, surukin nawa, ya ce ƙasa ta samu 'yanci amma ni ina neman al'adar Nasara, wai yaron da bai san zafin aska ba ba zai yi zuciya ba. Malamin lakol, mai koyar da boko, kuma wai a bar shi ya girma ya zaɓa da kansa. Wa ya taɓa tambayar yaro a garin nan? Ran da ya kai shekarun, zaure za a ja shi. Maigida ya sunkuyar da kai, ba ya iya musu da ubansa. Wallahi raina a ɓace yake, ko kallon zauren nan ba na so.

Kai ne Baba ke jin nauyinka. Don Allah ka zo kafin in yi arba'in, ka yi masa magana.

Ka gaida Dija da su Zinariya da Tala. Malam Sule ya ɗaga alƙalami yana dubana, na ce ya rubuta haka nan: babban yarona sunansa Ayuba. Yana raye ban taɓa kiransa ba.

Ƙanwarka,
Habi