Kada a Taɓa Dokin Ƙofar Zaure

Ƙanena Ɗanladi,

Gaisuwa daga asibitin Abuja. Yaya iyali da mutanen Ƙofar Gayan? Alhamdu lillahi, an sallame ni, ina tafe. Hannun hagu dai bai dawo ba tun shanyewar nan, amma da sauƙi.

Na ji za ku fasa dokin ƙofar zaure saboda keken guragun da kuka tanadar mini. Kada a taɓa shi. Ta kansa aka shigo da Inna tana amarya, ta kansa aka fita da ita.

Na sa Keziya, mai koya mini tafiya, ta jera bulo daidai tsayinsa. Na sha faɗuwa, har ta ce, "Baba, a haƙura." Na ƙi. Jiya na tsallake da sandata.

Keken ku ba mabuƙaci. Ku dai share zauren.

Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Yayanka, Tanimu