Guntun Tiyon da Na Cire

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta kawo aikinta na gama kwaleji nan shago, in yi masa akwati. Fitila ce mai kunna kanta: duhu ya yi ta kama, gari ya waye ta mutu. Akwai 'yar ƙwaya mai jin haske, ita take kira ido, sai tiransista biyu da rile, wato ɗan makunnin da ke haɗa wuta da kansa. Zanen tsaf, ba ƙarya. Haɗin ne dai sai a hankali. Ta cusa idon cikin guntun baƙin tiyo ta naɗe da salatif, kamar yatsa mai ciwo. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran rediyo da talabijin, a ce 'yata ta kai wannan gaban malamai? Da za ta tafi ta ce, "Baba, akwatin kawai. Kar ka taɓa komai." Na ce to.

Alhamis, 6 ga Maris

Na taɓa. Na zare tiyon na jefa a durowa. Na fito da idon gaban akwati, dab da ƙwan fitilar, na rufe shi da jar roba ta tsohon talabijin. Na danne da babban yatsa, ƙwai ya kama. Na ɗaga, ya mutu. Tela maƙwabcina ya leƙo ya rantse kamar daga kanti aka sayo ta. Yini na yi kaina a kumbure.

Litinin, 10 ga Maris

Ta zo ɗauka. Ita ma da yatsa ta gwada, ya yi. Ta tambaya ko komai na ciki yana nan yadda yake. Na ce yana nan.

Talata, 11 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba. Na sa kayana masu kyau, har da turare, na bi ta kwaleji wurin gwajin fitilar. Malamai uku a teburi, ɗalibai cike da zauren. Babban malamin ya ce ba da yatsa dare yake yi ba, a ja labule a kashe wuta.

Fitilar ta kama. Ta mutu. Ta kama. Rile yana ta kat-kat-kat kamar keken tela. Wani daga baya ya ce a sa kiɗa mana, zauren ya ɗauki dariya. Malamin ya tambaye ta, ashe ba ta yi tunanin idon zai ga hasken ƙwansa ya ɗauka gari ya waye ba? Abin da yatsa ke ɓoyewa ke nan, yana tare duk wani haske har da na ƙwan. Ashe aikin tiyon da na zare ke nan: ya hana hasken ƙwan isa ga idon.

Ta dube ni sau ɗaya. Sannan ta ce kuskurenta ne. Sun ba ta kwana goma ta gyara, in bai yi ba ta maimaita shekara. Ni kuwa ina zaune a layi na biyu, na bar ta ta ɗauki laifin. A hanya har cewa na yi wataƙila zafi ne ya taɓa tiransista. Ni na faɗi haka, da bakina.

Laraba, 12 ga Maris

Ban buɗe durowar nan ba yau.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta kwance akwatin a gida, don haka ta gani da idonta. Tana gaishe ni, tana kawo min ruwa, ladabin har ya yi yawa. Gara ta yi fushi. Mamanta ta ce tun Talata nake cin abinci kamar baƙo, wa na yi wa laifi? Na ce mura ce. Ta ce to, Allah ya sawwaƙe, murar da take hana mutum kallon 'yarsa.

Lahadi, 16 ga Maris

Da la'asar na same ta a baranda tana zane. Na ajiye tiyon a kan takardarta. Na shirya magana mai tsawo tun daga shago, duk ta gudu. "Ni na cire," abin da ya fito ke nan.

"Na sani tun a zauren, Baba."

Na ce me ya hana ta faɗa, ga shekara guda tana neman salwanta.

"A gaban mutane?" Ta ɗauki tiyon ta hure ƙurar ciki.

Kunya na ji irin wadda ban taɓa ji ba. Ni ya kamata in rufa mata asiri, sai ga shi ita ta rufa min.

Talata, 18 ga Maris

Ta mayar da idon bayan akwati, cikin tiyonsa. Ta ƙara rezista ɗaya, wai don fitilar ta daina wasi-wasi da magariba, lokacin da ba haske ba duhu. Ban gane ba. Na sa ta maimaita, ta maimaita ba tare da ta yi murmushi ba, Allah ya yi mata albarka. Aikina jan labule da riƙe tocila. Sau ɗaya hannuna ya nufi dalmar haɗa waya, na mayar da shi aljihu.

Juma'a, 21 ga Maris

Ta ci. Ban je ba. Na aika ta da takarda zuwa ga babban malamin, layi uku, na rubuta wanda ya cire tiyon. Ta ce ba sai an yi haka ba. Na ce ta kai dai.

Litinin, 24 ga Maris

Tela yana son irin fitilar a ƙofar shagonsa. Na ce ya jira mai aikin ta dawo, ni akwati nake yi. Ya yi dariya, ya zaci wasa ne.

Na sayo tiyo kamu biyu, na yanka guntu-guntu daidai awon nata. Har yanzu ba shi da kyan gani.