Sunan da Isuhu bai goge ba

Konni, Talata bayan isha'i

Tsarin da ke lura da sanyin firigon allurar rigakahi na asibitin Tsarnawa ya sake tsayawa yau. Na buɗe shi da manhajar bin kuskure, in ga inda ya mutu. A ɓangaren da Isuhu, mai shagon gyaran na'ura da ke taya ni aikin, ya kawo min a kile, ɗan filashin ajiyar bayanai, wanda ya ce shi ya rubuta, lambobin adireshi kawai ta nuna min. An goge sunayen ayyukan duka. Na kira shi, ya ce, "Malam Sani, don ya rage nauyi ne." Wane nauyi?

Suna ɗaya ya tsira, a cukurkuɗe yadda na'ura ke mayar da su: _ZN6firigo9duba_zafiEi. Na sa aka warware shi, ya fito firigo::duba_zafi(int).

Na daɗe ina kallon sunan. Isuhu da Faransanci yake sa wa ayyukansa suna, kullum. A iya sanina ni kaɗai ke sa su da Hausa, har dariya yake yi min a kai. Kuma bara ordinatata, kwamfutar da nake aiki da ita, ta kwana uku a shagonsa ana canza mata batir.

Wataƙila ni na ba shi wannan ɓangaren nawa na manta. Na bincika saƙonninmu kaf, ban gani ba.

Abin da ya fi ci min rai, a cikin aikin nan tsarin ke mutuwa. Kuskuren nawa ne, na gyara shi tun da azumi. Tsohon kwafin, mai kuskuren, shi Isuhu ya ɗauka.

Gobe sai na kai gyaran, allurar yara ce. Amma zan fara tambayarsa ma'anar sunan, ina kallon idonsa.