Tsinken Awon Ƙafar Hanneke

Liempde, 3 ga Maris, 1928

Yaya Tonia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ni lafiya lau, in ban da maigidana da ke cewa karatun jarida ne ke karkata min gizago. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Alfarma nake nema. Kin san in na buɗe baki gaban Hanneke faɗa ke fitowa. To zan sassaƙa mata takalmin katako ya nema min aurenta, kafin ɗan mai burodin nan mai takalmin fata ya riga ni. In kin je gidansu, ki zura tsinke cikin takalminta da ke bakin ƙofa, ki karya daidai tsawonsa, ki aiko. Kada kowa ya gani.

Ƙaninki,
Rinus

*

Rinus,

Muna gaishe ka. Ga tsinke. A gurguje na auna, karensu na ta haushi. Ka rage baki.

Tonia

*

Yaya,

Barka da hutawa. Tsinken ya yi min tsawo, amma ba ƙafa zan aura ba. Daga gungume ɗaya na fitar da ƙafa biyun, don su bushe tare kada ɗaya ya fi ɗaya tsukewa. Na rarake cikin har yatsana ya daina jin tudu, na bar faɗi sosai. Mako uku suna shan iska a inuwa. Maigida ya ga furannin da na zana, ya juya takalmin sau biyu, ya rasa abin kushewa. Ga su nan, ki kai mata.

Rinus

*

Ƙanina,

Bayan gaisuwa, ka zauna kafin ka karanta. Takalma biyar ne a bakin ƙofar a ranar, ashe na mahaifiyarta, Gwaggo Betje, na auna. Hanneke ta saka, ƙafarta na iyo a ciki. Gwaggo ta ce a ba ta ta gwada. Ta ce shekara goma rabonta da takalmin da bai matse mata kumburin yatsa ba. Da su ta je coci, furanni da komai.

Tonia

*

Yaya,

Ba gaisuwa yau. Wata biyu ina aikin neman auren tsohuwa. Wace budurwa ce ke da ƙafa kamar kwalekwale da ba ki lura ba? Gari ya gama dariya, ɗan mai burodi ya ci bulus. Ki gaida yara, su ba ruwansu.

Rinus

*

Rinus,

Ina gaishe ka. Tonia ta nuna min wasiƙarka. Inna ta ce kwalekwale na gaishe ka, kuma ba za ta cire ba. Ta ce wa ɗan mai burodi ya daina wahalar da takalminsa. Ka zo cin abinci ran Lahadi, ka taho da tsinkenka, ka auna da kanka. Zan sa safa mai kauri, don da ita ake saka takalmin katako.

Hanneke