Ka Ce Ka Ɗauka, Yaya Habibu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Habibu.

Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, na san wannan wasiƙa ba za ta same ka ba. Amma kai ka koya mini cewa a aikinmu ba a yin komai a ɓoye, shi ya sa nake rubuta ta inda kowa zai gani.

Ranar fitar da sabon zubin manhajarmu ta matso, wadda muka yi wa ƙananan asibitocin gida Najeriya don ajiye bayanan marasa lafiya, kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Tun rasuwarka ni aka bar wa rabon aiki tsakanin 'yan sa-kai. Ka san halina. Kai da "ya iyali?" kake fara wa mutum, ni kuwa da "ina aka kwana?" Haka suka jure ni. Rifkatu 'yar Jos tana gyara daga ɗakinta na unguwar Setapak, nan Kuala Lumpur, tsakanin lakca da lakca. Aina, 'yar ƙasar nan da ba ta taɓa taka Najeriya ba, ta toshe wata matsala da ta sha kanmu duka. Manyan matsalolin sun ƙare, saura ɗaya.

Ita ce ta ɗaukewar wuta. In wuta ta tafi ana cikin shigar da bayani, sai duk abin da aka rubuta kan mara lafiyan ya ɓace, har da maganin da jikinsa ba ya so. A ƙarƙashinta, a shafin da muke jera matsaloli, akwai rubutunka: "Na ɗauka."

Kai ka kafa dokar, bayan mutum biyu sun yi karo kan gyara ɗaya har suka daina gaisawa. Wanda ya ce ya ɗauka, ba mai taɓa masa sai ya ce ya saki. Kana cewa, "Ba a sauke wa mutum kaya sai ya ce ya gaji." To ga shi dokarka ta ɗaure mu. Ba wanda ya iya sa hannu. Ni kaina in na buɗe shafin sai in rufe.

Ka tuna yadda kake gwada ta? A Kuala Lumpur wuta ba ta ɗaukewa, sai ka durƙusa ƙarƙashin tebur a ofishinmu na Jalan Semarak, ka fizge wayar kwamfuta daga bango, ka ce, "To, mun koma gida." 'Yan ofis suna kallonka kamar ka taɓu, ni ina dariya har da riƙe ciki.

Ko a gadon asibiti ba ka ce ka gaji ba. Cewa ka yi, "Boleh," wato "za a iya" a bakin mutanen nan, "in na fito zan ƙarasa."

Yaya, asibitoci suna jira. Jiya bayan la'asar na je gidanka a Taman Melati na tarar matarka Anti Maryam tana ɗaure kaya, za ta koma gida da yara. Na faɗa mata abin da ya tsayar da mu. Ta ce mijinta ba zai yarda mara lafiya ya cutu don ana jin nauyin mamaci ba.

Sai na rubuta a ƙarƙashin naka: "Ya saki." Ban taɓa rubuta abin da ya yi mini ciwo irin wannan ba. Ka yafe mini, ban jira izininka ba.

Rifkatu ta karɓa, ta ɗora daga inda ka tsaya. Yau da safe ni na durƙusa ƙarƙashin teburin, na fizge wayar, na mayar. Kwamfuta ta tashi. Sunan mara lafiya ya dawo, maganinsa ya dawo, komai ya dawo.

Kai ne kawai ba ka dawo ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane mara lafiya da wannan aiki ya amfana ya zame maka sadaka mai gudana. Allah ya raya abin da ka bari.

Ƙaninka mai kewarka,
Sani