Yaran da na koya wa takai ba su san ganga ba

Anti Rabi'a, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya.

Shekarata tara a Jidda. Umra na zo ban koma ba, kin dai gane. Dako nake yi a Balad. Ni mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim, kakana shi ne sarkin takai na garinmu. Takai rawar sanda ce: a yi da'ira, ka buga sandarka da ta na gabanka, ka juya ka buga da ta na bayanka, ganga na jan ƙafarku. Kakan ya rasu ina nan. An ce yanzu ko da sallah ba mai fitowa da sanda, samarin duk sun watse.

Shekara uku ke nan ina koya wa yaran layinmu a Sa'alaba, a saman benen da nake haya, ranar Juma'a bayan la'asar. Su goma sha biyu ne, 'yan shekara biyar zuwa tara, duk haihuwar nan. Suna jin Hausa, amma da Larabci suke ba ni amsa. To, marar iƙama, wato takardar zama, ba ya son hayaniya. Maƙwabci ɗaya ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda, halas, tawa ta ƙare. Shi ya sa ban taɓa kawo ganga ba, sandunan ma na naɗe su da tsumma. Da baki nake yin kiɗan, ƙasa-ƙasa, su kuma suna kallon leɓena. Kuma wallahi sun iya. Ƙaraminsu Mazen, in zai juya sai ya karya kafaɗa irin na kakana, alhali ban taɓa nuna masa ba.

Watan jiya aka yi suna a wata istiraha, wato gidan biki na haya, a bayan gari, aka ce in kawo su. Kawu Hashim, wani tsohon makaɗi, ya ɗauko gangarsa, na kwance tsumman ina murna. Yana fara kiɗa, yaran suka tsaya cik, duk suka juyo suna kallon bakina. Na yi musu kiɗan da bakin, ganga ta danne ni. Biyu suka gwada, sandunan suka yi ƙara, suka firgita suka yar. Mazen ya toshe kunne yana kuka. Mutane sun yi dariya, ba da mugunta ba, amma ni abincin sunan ban iya ci ba.

Yanzu Nawaf, uban biyu daga cikin yaran, wanda ɗan ƙasa ne, ya samo wani zaure a Sharafiyya da za a kaɗa ganga ba fargaba. Ya ce yalla, a mayar da su can. Amma ana duba katin shaida a ƙofa, ni ba zan shiga ba. Kuma Nawaf mizmar ya sani, rawar sandar mutanen nan, wadda ake shiga tsakiya ana wulwula sanda. Iyayen sun bar mini in yanke kafin Juma'a. In na riƙe su, rawar shiru na koya musu. In na sake su, ba za a yi wata shida ba takai ya koma mizmar. Ko ta ina na duba, abin kakana a hannuna zai mutu. Yaya zan yi?

Jikan Sarkin Takai, Sa'alaba

*

Ƙanena, sau biyu na karanta wasiƙarka. Ba zan ruɗe ka ba: takai irin na kakanka, mai fili da taron gari, da wuya ya rayu a saman bene a Jidda. Wannan ba laifinka ba ne. Tsumman da ka naɗa hankali ne, shi ya sa har yau kake nan.

Amma matsalar takarda taka ce, bai kamata yaro ya gaje ta har ya riƙa tsoron ƙarar sandarsa ba. Nawaf kuwa ba ƙwace ya zo yi ba. Uba ne da ya ga 'ya'yansa sun daskare a gaban jama'a, kuma mizmar ɗin ma nasu ne, a nan aka haife su.

Ka sake su, kai kuma kada ka kusanci ƙofar zauren nan. Ka roƙi Nawaf abu biyu: in Kawu Hashim yana da iƙama, shi ya zama makaɗinsu, sannan zauren ya ɗauki wata rana, a bar maka Juma'arka. Ka sa a ɗaukar maka kiɗan Kawu a waya, ka riƙa kunna musu a hankali, ka rufe bakinka, har kunnensu ya karɓi aikin da idonsu yake yi. Wasu za su bi mizmar su bar ka. Ka shirya wa hakan tun yanzu.

Ka kuma fara tunanin gida. Ban ce gobe ba, amma filin garinku yana nan, mai koyarwa ne babu.

Ranar da za su fara zuwa zauren, kai da hannunka ka kwance tsumman sandar Mazen ka miƙa masa. Allah ya rufa maka asiri, ya jiƙan kakanka.

Anti Rabi'a