Hoton Inna a Bangon Malali

Zuwa ga Gwaggo Ladidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ciwon gwiwa? Gwaggo, masu baje kolin zane na nan Legas za su fitar da littafi a kan Baba, suna son a bi sawun ƙuruciyarsa a Kaduna. Ni kuwa abu ɗaya nake so. Kafin ya rasu ya ce ya zana mahaifiyarku a bangon ɗakinta na Malali, ita da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ban san fuskar kakata ba. Don Allah ki duba min ko zanen yana nan. Bayan Sallah zan zo da mai ɗaukar hoto.

'Yarki,
Yasmin Zakari Ila

Yasmin,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, tana gaishe ki. Da ita na bi sawun, a ƙafa.

Na fara da tashar Kawo, inda ubanki ya koyi riƙe burushi yana zana zaki da ɗawisu a bayan motocin katako. Yanzu leda ake bugawa da inji a manna. Wani tsohon ɗan kamasho ya tuna shi. Ya ce, "Zakari mai fenti? Wanda zakinsa ke kama da bunsuru?" Na ce Turawa layi suke yi su kalli aikinsa. Ya ce, "To Allah ya ba su lafiyar ido, Hajiya."

A Unguwar Sarki na samo allon da ya zana wa Tijjani mai aski. Ƙofar akurkin kaji ne yanzu, kuma kajin sun bayyana ra'ayinsu a kai.

Na karanta abin da 'yan jaridarku suka rubuta, wai Kaduna ce ta raine shi. Kaduna ɗan iska ta kira shi. Mahaifinmu a murhu ya ƙona masa burusai. Inna ce kaɗai ta zauna masa a tabarma, ta ce fuskarta ce, ita za ta amsa tambayar a lahira.

Zanen yana nan. Kabir ɗan yayanmu ne ke zaune a gidan yanzu. Na janye labulen da suka rufe ta da shi, sai ga ta da shuɗin kallabinta, ta murguɗa baki kamar za ta fara faɗa. Na tsaya har ƙafata ta sage. Sai dai Kabir zai yi aure ƙarshen wata, kuma a ɗakin za a sa amarya.

Ki gaida mahaifiyarki.
Ladidi

Gwaggo,

Barka da warhaka. Na yi kuka da na karanta. Don Allah ki roƙi Yaya Kabir kada a taɓa bangon, kuma ki ɗauka min ko a waya ne. Ba zan samu hutu ba sai bayan Sallah.

Na gode ƙwarai,
Yasmin

Yasmin,

Gaisuwa, in akwai sauran amfaninta.

Na ɗauka a waya. Ɗakin duhu, ba wuta, wayar kuma ta tsufa kamar mai ita. Baƙin dusu-dusu ne kawai ya fito. Kabir ya ce zai ɗauka da tasa gobe, ya kuma rantse ba za a taɓa bangon ba. Goben ba ta zo ba.

'Yan jere ne suka zo, gwaggonnin amarya, su auna inda gado da kabad za su zauna. Kabir yana ofis. Babbarsu ta ɗaga labule ta ce, "Wace ce wannan ta riga 'yarmu shiga ɗaki? Ai ko mala'iku ba za su shigo nan ba." Suka kira mai fenti daga bakin titi. Kin san ba a musu da 'yan jere. Ango da kansa sallama yake yi kafin ya shiga gidansa.

Na iso fenti bai gama bushewa ba. Ruwan hoda, fentin mai, har shafi uku. Na ce wa matar, "Wadda kika shafe ita ta haifi uban angon." Ta ce, "Allah ya jiƙanta, Hajiya, ai addu'a take buƙata ba kallo ba."

Na kankare gefe da cokali. Sabon fentin yana tahowa tare da tsohon. Na daina, don kada in zama ni ce na ƙarasa ta.

Ki gaya wa masu littafi su rubuta cewa Kaduna ta gama da shi, tsaf.

Ladidi

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na sallami mai ɗaukar hoto. In zo duk da haka?

Yasmin

Yasmin,

Ki zo. Ana cewa bakin Inna na ɗauko, har da murguɗawar. Idanunta kuwa Zulaiha ƙanwarmu ce ta ɗauka, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya. Ki kalli abin da ya rage. Kada ki bari sai bayan Sallah.

Wassalam,
Gwaggonki